Ranar da motata ta danne ni a ƙofar gida

Har yau hannuna na dama ba ya iya ɗaga bokiti cike da ruwa. Da sanyin asuba, in zan yi alwala, sai na murza yatsun kafin su yarda su lanƙwashe. Da yawa daga abokan kasuwata sun ɗauka haɗari na yi a kan hanya, ni kuma na daɗe ina barinsu a haka, domin gaskiyar ta yi mini nauyi a baki. Motata ce ta faɗo mini a ƙofar gidana, tana tsaye, injinta a kashe. Ni na ɗaga ta, ni na shiga ƙarƙashinta. Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana yanzu shi ne samari masu son mota sai ƙaruwa suke yi a Kano, kuma duk layin da na bi ranar Lahadi sai na ga ƙafafun wani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, kamar yadda nawa suka leƙo ranar nan.

A Gwammaja aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne a wata ma'aikata, yana jan Peugeot 504 irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna. Kullum da safe kafin ya tayar da ita sai ya buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ni ne mai riƙe tsumman. Gidanmu kuma ba shi da nisa da Ƙofar Ruwa, saboda haka in an tashi daga Islamiyya can muke gangarawa mu tsinci matattun boris da guntayen waya mu haɗa motar wasa. Warin baƙin mai da ƙarar guduma a kan ƙarfe, da su na girma. Da na gama sakandare na ce kanikanci nake so. Mahaifina ya ce a'a, ya kama hannuna ya kai ni wurin wani amininsa a Kantin Kwari. Na bi umarninsa, kuma ban yi nadama ba, don a ninkin shadda da atamfa na yi aure, na samu ɗan shagona, na kama gida a Ɗorayi. Amma son ƙarfe bai taɓa barin zuciyata ba.

A 2017 na sayi motata ta farko, Honda Accord ƙirar 2003, ta hannu. Ranar da na kawo ta gida, bayan isha'i na fito na zauna a cikinta ni kaɗai har kusan sha biyun dare.

Shekarar farko na sha wuya a garejoji. Ta fara zafi, aka ce ai motar ƙasar sanyi ce, aka cire mata ɗan makullin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, aka haɗa fanka kai tsaye tana juyawa dare da rana. Aka riƙa ɗura mata mai kauri 20W-50, alhali a jikin murfin man an rubuta 5W-20 ƙarara, ni ban san ma'anar rubutun ba. Shan manta ya ƙaru, fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, aka ce in manta da ita, duk motocin gari haka suke. Wata rana wani yaro mai gyaran waya a Farm Centre ya nuna mini wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Ya ce duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da wata kafa mai baki 16 a ƙasan sitiyari, in ka soka na'urar sai motar ta faɗa wa wayarka abin da ke damunta. Muka soka, sai ga lamba P0420. Da muka bincika, ashe matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, an fasa an kwashe an sayar, an yi walda an rufe, ba tare da an gaya mini ba. A wane gareji aka yi, Allah ya bar wa kansa sani. A ranar na yi wa kaina alkawarin babu wanda zai ƙara taɓa motata sai ni.

Na fara da ƙananan abubuwa: juyen mai, canjin fulogi, wanke matatar iska. In na dawo kasuwa sai in kwanta da waya ina kallon YouTube har matata ta yi barci ta farka ta same ni a kai. Da aka kulle Kano a Afrilun 2020 saboda korona, kasuwa a rufe, babu fita, sai na samu abin da ban taɓa samu ba, wato lokaci. Na mayar da makullin ruwan da aka cire, na gyara wayar fanka ta koma tashi da kanta, na zubar da ruwan rijiyar da ke cikin lagireto na zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Motar ta lafa, shan mai ya ragu. Wanda bai taɓa gyara abu da hannunsa ya murza makulli ya ji ya tashi lafiya ba, ba zai gane daɗin da na ji ba. Har gobe ina ganin mai mota ya san motarsa alheri ne, kuma ba zan taɓa hana kowa wannan ba.

Bayan an buɗe gari muka haɗu mu biyar masu irin wannan ra'ayi: ni, da yaron nan mai waya, da wani malamin makaranta, da ma'aikacin banki, da wani mai sayar da taya. Duk Lahadi muna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana, da akwatunan sifana, da shayi. Maƙwabta suka fara kawo motocinsu, ba na karɓar ko kwabo. Aka sa mini suna Injiniya. A nan ciwon ya shiga, domin sunan ya yi mini daɗi fiye da kima.

Daga gyara sai muka koma ƙawa. Na sa manyan wili inci 18 da siraran tayoyi. Na sa salansa mai gurnani. Sai na ga a hotuna motocin waje suna kwanciya dab da ƙasa, na ce tawa ma sai ta kwanta. Masu yin abin da ƙa'ida sifirin na musamman suke saye tare da shokazoba da ta dace da shi. Ni kuwa na kwance nawa na kai wa mai walda ya datse zagaye ɗaya da rabi a kowanne. Motar ta yi kyau, in na shigo layi yara har bina suke yi. Sai dai duk tudun rage gudu da ke tsakanin Ɗorayi da Kwari sai cikinta ya gurza, in damina ta sauka ta tona ramuka kuwa kamar ana dukan ta da guduma. Cikin wata bakwai shokazoba biyu suka mutu, gaban hagu ya fara ƙwas-ƙwas. Ban zargi motar ba, ni na ɓata mata tsayin da maƙeranta suka auna.

Akwai wani dattijon bakanike a bayan layinmu wanda tun ina yaro shi ke duba 504 ɗin mahaifina, daga baya shi ma ya dawo Ɗorayi. Baba muke ce masa. Sau biyu yana wucewa ya same ni a ƙarƙashin mota, jak kaɗai ke riƙe da ita. Na farko ya tsaya ya ce, "Ɗana, jak ba ya riƙe amana. Ɗagawa ce aikinsa, ba riƙewa ba. Ka tokare ta, ko ka kwantar da tayar da ka cire a ƙasanta." Na ce, "To Baba, in sha Allah." Na biyu bai ce komai ba, ya ɗauko wani gungumen katako daga bakin kwata ya tura ƙarƙashin motar ya wuce. Da ya tafi na ce wa abokaina mutanen da ba su san na'ura ba, tsoro ya yi musu yawa. Wannan maganar tawa na tuna ta a kan gadon asibiti fiye da sau ɗari.

Ranar wata Lahadi ce a watan Agustan 2021. An kwana ana ruwa, ƙasar ƙofar gidana ba siminti, ta jiƙe ta yi laushi duk da samanta ya bushe. Na sayo hannun ƙasa na tayar gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar daga ƙasa, a Ƙofar Ruwa tun ranar Alhamis, na ƙagu in sa. Abokaina sai sha ɗaya suke zuwa, ni tun tara na fito. Na ɗaga motar da ɗan jak ɗin da ke zuwa a but, wanda don canjin taya a bakin hanya kawai aka yi shi. Na cire tayar na jingine ta da bango. Ban sa dutse a tayoyin baya ba. Babban ɗana, lokacin yana da shekara 9, ya fito ya ce, "Abba, in riƙe maka fitila?" Na ba shi wayata.

Notin ciki ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Daga waje hannuna ba ya samun ƙarfi, sai na zura kaina da kafaɗata da ƙirjina ciki, na sa bututun ƙarfe a kan sifana don ya ƙara tsawo, na ja. Bai motsa ba. Na tokare ƙafa na ja da dukan ƙarfina. Na ji wani ɗan ƙiiƙ, na ga hasken da ke shigowa ta gefe ya rage, shi ke nan.

Motar nan ta kusa tan ɗaya da rabi. Da tana kan tsayinta na asali, da tayar na kwance a ƙasanta, da wataƙila ƙujewa kawai zan yi. Amma ni na datse sifirin na sauke ta, ni na jingine tayar da bango. Ƙarfen ƙarƙashin inji ya sauka a kafaɗata ta dama da ƙirjina. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne wanda nauyi ya danne ba ya iya ihu. Iskar da ke cikina ta fita, na nemi jawo wata, babu wurin da za ta shiga. Ina so in yi salati, harshena yana motsi, sauti ba ya fita. Ina ganin ƙafafun ɗana. Ina ganin ya yar da wayar ya kama bakin motar da hannayensa biyu yana ƙoƙarin ɗagawa, yana cewa "Abba! Abba!" Sannan ƙafafun suka ɓace.

Daga baya aka ba ni labarin ya ruga ba takalmi zuwa teburin mai shayi da ke bakin layi, ya kasa magana, sai jan rigar mutane yake yi yana nuna gida. Mutanen teburin da wani mai adaidaita sahu suka biyo shi, su bakwai suka ciccibi gaban motar, mai shayin ya ja ni ta ƙafa. Ban san minti nawa na yi ba. Na san dai da na buɗe ido na ga sama, na ga ganyen darbejiya, na ji muryar matata tana innalillahi.

Kawuna ya iso da sauri, ya taɓa kafaɗar ya ce karaya ce, a kai ni wurin mai ɗori, ya san wani gwani. Matata, wadda ban taɓa jin ta musa wa babba magana ba, ta durƙusa ta ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ku dubi yadda yake numfashi. A fara kai shi asibiti." Allah ya sa ya saurare ta. Hoto ya nuna haƙarƙari huɗu sun karye, da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, kuma ɗaya daga haƙarƙarin ya huda huhu, iska da jini suna taruwa a ƙirji. A daren aka huda gefena aka sa roba. Likitan ya ce da an tsaya jan kafaɗa ana ɗaure ta da kara, da labarin ya zama wani. Ba raina masu ɗori nake yi ba, sun yi wa al'umma aiki shekara da shekaru, amma abin da ke cikin ƙirji hannu ba ya ganinsa.

Kwana 19 na yi a asibiti, wata biyar a gida. Ƙasusuwan sun haɗe, jijiyoyin hannun ne suka ƙi dawowa daidai. Ƙanina ya riƙe shagon iya ƙoƙarinsa, amma kasuwar Kwari ta mai ita ce, abokan cinikina na Nijar da Chadi fuskata suka sani. Jari ya riƙa zaizayewa tsakanin magani da gashin hannu da cefane. Wata rana na lura wuyan matata babu sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta ranar aure. Na tambaye ta, ta ce, "Maigida, sarƙa ana sake saye." Ta fara yin zoɓo da kunun aya ana kai mata makarantar bayan gida. Ban taɓa jin ta ce ai ga abin da son mota ya jawo ba, kuma shirun nata ya fi faɗa shiga jikina.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya sami yaron. Ya daina wasa. Ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara 4. In zai tafi makaranta sai ya bi ta jikin bango ya kauce wa motar da aka lulluɓe da tamfol. Ba ya yarda mu haɗa ido. Na ɗauka tsoro ne kawai, sai wani dare mahaifiyarsa ta ji yana kuka ta lallashe shi, ya ce mata shi ne bai haska daidai ba, shi ya sa Abba ya ƙara shiga ciki, kuma shi ne ya kasa ɗaga motar. Wata uku yaron nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Da safe na kira shi na zaunar da shi a gefen katifata. Na ce masa laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, na lissafa masa abubuwan da na ƙi yi ɗaya bayan ɗaya, har da maganar Baba da na watsar. Na ce masa mutum bakwai ne suka ɗaga motar da ƙyar, kuma gudun da ya yi shi Allah ya sa ya zama sanadin rayuwata. Ban taɓa neman gafarar ɗana ba sai ranar. Muka yi kuka tare.

A kwancen nan wani tunani ya hana ni barci: motocin mutane da na taɓa. Na canja wa maƙwabta birki ya kai sau goma, da ilimin bidiyo, ba wanda ya duba bayana. In har na yi wa kaina wannan gangancin, me na yi wa wasu? Na ɗauki waya da hannun hagu na kira su ɗaya bayan ɗaya, na roƙe su su kai wa Baba ya duba, ni zan biya. Kiran ya yi mini wuya ƙwarai. A motar wata maƙwabciya da ke kai 'ya'yanta uku makaranta kullum, aka samu noti ɗaya na maƙalin birki ya kwance saura ƙiris ya fita. Ranar na yi sujada na gode wa Allah da ya tsayar da abin a kaina.

Baba ya zo duba ni sau uku. Ina jiran ya ce ai na gaya maka, bai faɗa ba. Zuwansa na ƙarshe ya ce wani yaronsa da ya koya wa aiki shekaru da yawa da suka wuce haka mota ta danne shi, shi bai tashi ba, kuma Baba da hannunsa ya kai gawar gidan iyayensa. Ya ce tun daga ranar in ya ga mutum a ƙarƙashin mota ba tokari, ko bai san shi ba sai ya tsaya. Da na samu ƙarfin fita na riƙa zuwa garejinsa ranar Lahadi ina zama. Ni ina karanta masa na'ura a motocin zamani, shi yana nuna mini abin da bidiyo ba ya nunawa: yadda ake jiƙa noti mai tsatsa a bar shi ya sha kafin a ja, yadda ake ja ta ɓangaren da ba zai ture mota daga kan tokari ba, yadda yake ɗora bakin sukundireba a kan inji ya kara ƙotar a kunne ya gaya maka boris ɗin da ke kuka.

Ban sayar da motar ba, ko da yake an ba ni shawara. Abokaina suka haɗa kuɗi suka sayo sifirin na asali, muka mayar da ita tsayinta, muka mayar da ƙananan wili, muka cire salansar gurnani. Kuɗin farko da na samu bayan na koma kasuwa, da su na zuba siminti a ƙofar gida, na sayi matokaran ƙarfe guda huɗu masu ɗaukar tan uku, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Notin tayar motata awo 108 ake ɗaure shi, a da kuwa hawa nake yi da ƙafa. Har yanzu muna haɗuwa, mun kai mu tara. A wurinmu babu mai shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta, an sa dutse a tayoyi, an kwantar da tayar da aka cire a ƙasanta, an girgiza ta da ƙarfi an ga ba ta motsa ba, kuma akwai babba a tsaye. Birki da sitiyari in mun taɓa sai Baba ya duba. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wani saurayi ya zo da shawarar mu haɗa wa motarsa gas da kanmu da tukunyar da mai walda zai gyara. Na ce masa iskar CNG, wato gas ɗin da ake sa wa mota, ana matsa ta ne har wajen awo 200, tukunyar girki ba a yi ta don ko kusa da haka ba, ya je wurin waɗanda aka horar kuma aka ba izini. Ya ce Injiniya tsoro ya kama shi. Na buɗe maɓallin rigata na nuna masa tabon robar, na kuma roƙe shi ya daina kirana da sunan nan.

Yaron nawa ya shiga sakandare yanzu. Ya warware, yana dariya, yana ƙwallo, amma bai ƙara riƙe mini fitila ba, ni kuma ban ƙara nema ba. Lahadin da ta wuce ina shirin juyen mai, na shimfiɗa kwali zan kwanta, sai ga shi ya fito da butar shayi. Ya ajiye, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Abba, ka girgiza ta?" Na ce na girgiza. Ya ce, "Ƙara in gani." Na tashi na dafa gefen motar da hannun hagu na hankaɗa ta sau uku. Ya sunkuya ya leƙa matokaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma cikin gida.